Tarihin Tsayuwar Arabeski a Rawar Turawa

Duk wanda ya taɓa zuwa bakin tafki da rani, ya ga zalɓe ya naɗe ƙafa ɗaya ya tsaya cik a kan ɗayar, ya san abin da ban sha'awa. Amma in ya ce bari shi ma ya gwada, kafin ya ƙirga ashirin sai ya ga ya fara tangaɗi. To, a ƙasashen Turai akwai wata irin rawa da a ke kira balet, wadda a ke yi a bisa dandamali cikin manyan gidajen wasa. Masu yinta ba su yin magana, ba su yin waƙa, kiɗa da motsin jiki kaɗai ke ba da labari. A cikin wannan rawa akwai wata tsayuwa wadda ta fi sauran shahara. Mai rawa ya kan tsaya a kan ƙafa ɗaya, ya ɗaga ɗayar ta baya ya miƙe ta sambal, ya kuma miƙa hannu ɗaya gaba, har ya zamana tun daga yatsun hannunsa zuwa yatsun ƙafarsa kamar an ja zare guda. Sunan wannan tsayuwa arabeski.

In ka saurari kalmar da kyau, za ka ji sunan Larabawa a cikinta, don kuwa ma'anarta ita ce "irin na Larabawa". Ga shi kuwa ba Larabawa suka ƙago tsayuwar ba. To, yaya aka yi sunansu ya hau kanta? Amsar tana cikin wani dogon tarihi. Wannan tsayuwa da ba ta wuce 'yan daƙiƙu a gaban 'yan kallo, sai da aka shafe fiye da shekara 300 ana gyaranta, ta bi ta hannun mutanen Italiya, da na Faransa, da na Rasha, kafin ta zama yadda ta ke.

Asalin Sunan

Tun ƙarnonin farko na Musulunci, magina da masassaƙa da marubuta na ƙasashen Musulmi suka ƙware da wani irin zane na ado. Da ya ke ba su sa siffar mutum ko ta dabba a masallatai da littattafan addini, sai suka juya ga ganye da rassa da furanni. Za ka ga reshe ɗaya ya taso, ya murɗa, ya haifi wani, wannan kuma ya sarƙe da wani, har ido ya kasa gane inda zanen ya fara da inda ya ƙare. Wanda ya taɓa duban zayyanar da a ke yi wa Alƙur'ani rubutun hannu ya ga dangin wannan aiki. Ɗaya daga cikin wuraren da suka fi suna da shi ita ce fadar Alhamra a birnin Garnaɗa ta ƙasar Andalus, wadda sarakunan Musulmi suka zauna a cikinta har shekarar 1492.

A wancan zamani fataken birnin Fenis na Italiya suna ciniki da Masar da Sham da Santambul. Su kan komo gida da dardumai, da tasoshin tagulla, da littattafai masu bangon fata, duk an ƙawata su da wannan zane. Masu sana'a na Italiya suka gani suka ƙyasa, suka shiga kwaikwayo, suka sa wa zanen suna arabesko. A 1530 wani mutumin Italiya mai suna Francesco Pellegrino ya buga littafi guda a birnin Faris cike da irin waɗannan zane-zane, domin masu ɗinki da masu ado su riƙa duba. Ta haka kalmar ta shiga bakin Faransawa. Amma a lokacin nan sunan zane ce kawai, ba ruwanta da rawa.

Rawar Fada

Ita kuwa rawar, a fadodin Italiya ta fara. A ƙarni na 15 ƙasar ba ta ƙarƙashin sarki ɗaya, kowane babban birni da mai mulkinsa, kowa kuwa yana so bikinsa ya fi na maƙwabcinsa. Sabo da haka suka riƙa ɗaukar malaman rawa su koya wa 'ya'yansu da fadawansu. Wani daga cikin malaman nan, Domenico mutumin Piacenza, ya rubuta matakan rawar a littafi wajen tsakiyar ƙarnin. Da harshensu rawa ita ce ballo, 'yar ƙaramar rawa kuwa balletto, daga nan sunan balet ya fito.

A 1533 wata 'yar babban gida ta birnin Fulorans, Catherine de Medici, ta auri ɗan Sarkin Faransa, wanda daga baya ya hau gadon sarauta. Ta kasance mai son bukukuwa, ta jawo makaɗa da malaman rawa daga ƙasarsu. A 1581 aka yi wani gagarumin wasa a Faris domin bikin auren ƙanwar matar sarki. Wani mutumin Italiya ne ya tsara shi, aka haɗa rawa da waƙa da magana a kan labari guda, aka kuma shafe fiye da sa'a biyar ana yi. Masana da yawa daga wannan wasa su ke fara lissafin tarihin balet.

Amma da za a komo da kai wannan dare, ba za ka ga wanda ya ɗaga ƙafa ta baya ba. Masu rawar 'ya'yan sarauta ne da fadawa, suna tafe cikin ƙasaita, ƙafa ba ta rabuwa da ƙasa sai kaɗan. 'Yan kallo kuwa galibi daga sama su ke hange, sabo da haka abin da su ke sha'awa shi ne yadda sahun masu rawa ke juyawa, ya zama da'ira, ya zama murabba'i, ya watse, ya sake haɗuwa.

Sarki Mai Rawa

Sarkin da ya fi kowa taimakon wannan sana'a shi ne Luwi na 14, wanda ya mulki Faransa shekara 72, daga 1643 zuwa 1715. Shi kansa gwanin rawa ne. A 1653, yana ɗan shekara 14, ya fito a wani wasa sanye da tufafi masu ruwan zinariya a matsayin rana mai hudowa. A 1661 ya kafa majalisar malaman rawa, mutum 13, ya ɗora musu aikin gyara rawar da tsare ƙa'idodinta. Shi ya sa har yau, ko a wace ƙasa a ke koyar da balet, da harshen Faransanci a ke kiran sunayen matakanta.

Malamin sarkin, Pierre Beauchamp, shi a ke jingina wa tsara tsayuwar ƙafa iri biyar. A ta farko a kan haɗa diddige biyu, yatsu su dubi waje. A ta biyu haka nan, sai dai a bar tazara tsakanin ƙafafun. A ta uku diddigen ƙafa ɗaya ya jingina da tsakiyar ɗayar. A ta huɗu ƙafa ɗaya tana gaba ɗaya tana baya, da tazara. A ta biyar kuwa a matse su, diddigen wannan ya taɓa yatsun waccan. Waɗannan biyar su ne baƙaƙen rawar, kusan kowane mataki daga ɗayansu ya ke tashi, a ɗayansu kuma ya ke sauka.

Ka lura, a cikin biyar ɗin nan duka yatsun ƙafa waje su ke duba, kuma juyin daga mahaɗin cinya da ƙugu ya ke farawa, ba daga gwiwa ba. Da fari don ado a ke yin haka. Amma da rawar ta bar zauren fada ta hau dandamali, 'yan kallo suka koma gaba su duka, sai aka ga amfaninsa. Mai rawa ya iya tafiya dama da hagun ba tare da ya juya wa mutane baya ba, kuma ƙafar da aka juya waje ta fi tashi sama, don ƙashin cinya ba ya tokarar ƙashin ƙugu da wuri.

Da sarki ya bar rawa wajen 1670, sai sana'ar ta koma hannun waɗanda ke ci da ita. A 1681 mata suka fara fitowa a kan dandamalin babban gidan wasa na Faris, da can maza ke shigar mata su yi. A 1713 aka buɗe makarantar koyar da rawa ta wannan gida, wadda har yanzu tana nan.

Yadda Ƙafa ta Sami Hanya

Ko da ya ke an sami ƙa'ida, da sauran wani babban cikas, watau tufafi. Mata suna sa riguna masu nauyi har ƙasa, an ɗaura musu zobba a ciki don su buɗe kamar laima. Maza da mata duk suna sa takalma masu tsinin diddige, da gashin aro a ka, maza kuma su rufe fuska da fuskar aro. Wanda ke ɗauke da wannan kaya ina ya ga ta ɗaga ƙafa?

Wata gwana mai suna Marie Camargo, wadda ta fara rawa a Faris a 1726, ita ce ta yi ƙarfin hali ta rage tsawon rigarta har idon sawu ya bayyana, don a ga abin da ƙafafunta ke yi. Aka yi ta surutu, amma wasu suka bi sawunta. A 1760 wani malami, Jean-Georges Noverre, ya buga littafi inda ya nemi a yar da fuskokin aro da kayan nauyi, a bar jiki da fuska su ba da labari. Sa'an nan juyin mulkin Faransa na 1789 ya zo ya kawar da adon fada. Aka koma sa tufafi marasa nauyi da takalma masu taushi marasa tsini. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Daga nan ƙafar baya ta fara tashi daga ƙasa, kaɗan-kaɗan.

Malamin Milan

Mutumin da ya zauna ya rubuta yadda jiki zai tsaya daidai shi ne Carlo Blasis, ɗan Italiya. A 1820 ya buga littafinsa a birnin Milan, da hotunan masu rawa a ciki, da layuka da aka ja don nuna inda nauyin jiki ya kamata ya sauka. Ya yi nazarin aikin masu sassaƙa da masu zane na dā. Har akwai wata tsayuwa 'yar'uwar arabeski, wadda a ke lanƙwasa gwiwar ƙafar baya, da ya ɗauko daga wani mutum-mutumi na tagulla da ke Fulorans.

A cikin rubutun Blasis ne za mu ga inda zane da rawa suka gamu. A zamaninsa malaman rawa suna kiran wani irin tsari arabeski, watau inda maza da mata za su tsaya rukuni guda, wannan ya karkata nan, wancan ya karkata can, suna riƙe da igiyoyin furanni da zobba da suka sarƙe su, har su yi kama da zanen nan na jikin bango. Suna kuma kiran tsayuwar mutum ɗaya da wannan suna in jikinsa ya yi dogon layi mai ɗan lanƙwasa kamar reshe. A kwana a tashi aka bar igiyoyin furanni, sunan ya tsaya a kan tsayuwar mutum ɗaya. Daga 1837 Blasis ya shugabanci makarantar rawa ta gidan wasan La Scala a Milan, almajiransa kuwa suka bazu cikin Turai.

Aljanu da Fatalwa

A daidai wannan lokaci mutanen Turai suka kamu da son labarun aljanu da fatalwa, masu rawa kuwa suka shiga neman yadda za su nuna kamar ba su da nauyi. Wadda ta ci wannan tuta ita ce Marie Taglioni, wadda aka haifa a 1804. Tana yarinya ba a ɗauka za ta yi wani abin kirki ba, don ƙirar jikinta ba irin wadda malaman rawa ke so ba ce. Mahaifinta ya ɗauke ta ya riƙa horar da ita da kansa a birnin Biyana, kimanin sa'a shida kowace rana, har ta kan galabaita.

A 1832 ta fito a Faris a wasan La Sylphide, labarin wani saurayi ɗan ƙasar Sukotlan wanda ya bar amaryarsa ya bi wata aljanar iska, ya yi ƙoƙarin kama ta, fukafukanta suka zube, ta mutu. Taglioni ta sa farar riga shara-shara, ta riƙa tsayawa a kan tsinin yatsun ƙafa ɗaya, ɗayar tana miƙe a baya, kamar iska za ta ɗauke ta. Takalmanta kuwa masu taushi ne, ƙarfin ƙafarta kaɗai ke riƙe da ita. Sai daga baya maɗinkan takalma na Italiya suka fara ƙarfafa bakin takalmin da ƙyalle da gam. A 1841 aka yi wani wasa, Giselle, inda fatalwar 'yan matan da suka mutu kafin aurensu ke ratsa dandamali sahu-sahu, kowace tana ɗan tsalle a kan ƙafa ɗaya cikin arabeski. Tun daga nan wannan tsayuwa ta zama tambarin rawar.

A Ƙasar Rasha

Da rawar ta fara sanyi a Faransa, sai ta sami sabon gida a Rasha. Tun 1738 Sarauniya Anna ta kafa makarantar rawa a birnin Sant Fitasbag, aka fara da 'ya'yan barorin fada. A 1847 wani Bafaranshe, Marius Petipa, ya zo birnin, ya zauna a Rasha har ƙarshen ransa a 1910. A 1877 ya tsara wasan La Bayadère, labarin wata mai rawa ta ƙasar Hindu da aka kashe da maciji, masoyinta ya gan ta cikin mafarki tare da wasu kurwoyi. A yadda a ke nuna wasan yanzu, 'yan mata 24 ko 32 cikin fararen kaya ke gangarowa ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta yi taku, ta yi arabeski ta karkata gaba, ta miƙe, ta sake taku, ta sake yi. Ta kan gaba sai ta yi fiye da sau 30 a kan ƙafa, in kuwa ɗaya ta yi tangaɗi, kowa ya gani.

Juyin mulkin 1917 ya kusa kashe wannan sana'a a Rasha. Gwanaye da yawa suka gudu, wasu masu faɗa a ji kuma suka ce ai rawar sarakuna ce, a bar ta ta bi sarakuna. Amma makarantar ba ta mutu ba. Wata malama, Agrippina Vaganova, ta tattara abin da ta koya daga Faransawa da mutanen Italiya da Rashawa, ta jera shi daki-daki, ta buga a littafi a 1934. A tsarinta arabeski iri huɗu ce. Wani malami kuma, Enrico Cecchetti, wanda ya yi karatu wajen wani almajirin Blasis, ya koyar a Rasha sa'an nan ya buɗe makaranta a Landan a 1918. A nasa tsarin arabeski iri biyar ce. Kowane tsuntsu kukan gidansu ya ke yi, amma bambancin galibi a wajen ajiye hannu ne da inda jiki ya fuskanta.

Yadda a ke Koyonta

Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. A makarantar nan ta Rasha, wadda aka sa wa sunan Vaganova a 1957, a kan ɗauki yara suna wajen shekara 10, su yi shekara 8 suna koyo. A ɗakin koyo akwai madubi, akwai kuma wani mulmulallen itace da aka kafa a gicciye a jikin bango daidai ƙugu, domin dafawa.

Ba a fara wa mai koyo da ɗaga ƙafa. Da fari zai dafa itacen nan, ya tsaya a ɗaya daga tsayuwa biyar, ya riƙa rusunawa yana miƙewa don gwiwa da idon sawu su yi ƙarfi. Bayan haka ya koyi zura ƙafa ɗaya baya a kan daɓe, har diddige ya tashi, tsinin yatsu kaɗai ke taɓa ƙasa. Wannan ma arabeski ce, ta ƙasa. In ya iya wannan ba tare da ƙugunsa ya karkace ba, sai a bar shi ya ɗaga ƙafar kamar taƙi ɗaya, daga baya zuwa rabin hanya, daga baya kuma har ta yi daidai da ƙugu ta kwanta a iska.

Dalilin wannan sannu-sannu yana cikin halittar jiki. Gwada ka gani. Ƙafarka tana tafiya gaba da nisa, amma in ka tura ta baya sai ta tsaya nan da nan. Kafin ta wuce wurin nan, dole ƙugu ya ɗan sunkuya gaba, gadon baya kuma ya lanƙwasa ya riƙe ƙirji a sama. In tsokar baya da ta ciki ba su yi ƙarfi ba, nauyin duka sai ya taru a kwankwaso, mutum ya jawo wa kansa ciwon da zai daɗe yana jinya. Haka kuma ba a barin yarinya ta hau tsinin yatsu sai ƙafarta ta yi ƙwari, galibi wajen shekara 11 ko 12.

A arabeski ta farko, in a kan ƙafar dama mutum ya tsaya, hannun dama zai miƙa gaba, tafin yana duban ƙasa, na hagun kuwa ya buɗe gefe ya ɗan ja baya. A ta biyu sai a sauya hannuwan. Gwiwoyi biyu duk a miƙe su ke, kafaɗu a sake, nauyin jiki a bisa ƙafar tsayuwa, ido kuwa ya bi kan yatsun hannu ya wuce su, kamar mai hangen wani abu daga nesa. Malamai su kan ce gara ƙafa ta tsaya ƙasa-ƙasa layin ya fita sosai, da ta tashi sama jiki ya karkace. Sai mai koyo ya iya duk wannan a jikin itacen, sa'an nan a ce ya saki ya fito tsakiyar ɗaki.

To, ka ji tarihin arabeski. Larabawa da sauran Musulmi suka zana reshe a jikin bango, fataken Italiya suka ɗauko zanen suka sa masa suna, Sarkin Faransa ya sa aka kafa ƙa'idar ƙafa, malamin Milan ya auna jiki ya rubuta, Rashawa kuma suka tsare abin lokacin da ya kusa ɓacewa. Yau ana koyar da ita a Amurka da Sin da Japan da ƙasashen Afirka. Amma duk da wannan dogon tarihi, ba wanda ya taɓa gadonta daga iyayensa. Kowane yaro da ya zo, sai ya dafa itacen nan na jikin bango, ya zura ƙafa baya a kan daɓe, ya fara daga inda na gabansa suka fara. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.